Gahawar Haji Burhan

Tun ranar da Mas Danang ya nemi sunayen, Lena ta daina barin jakarta a kan tebur idan za ta fita salla.

Ba wai ya yi mata wani abu ba ne. Mutum ne mai fara'a, ɗan Jakarta, yana magana a hankali kamar mai tsoron ta da jariri daga barci. Toke Aciang, mai kamfanin, shi ya ɗauko shi har Medan don ya sauya musu manhajar da suke aiki da ita, wadda ta tsufa har sai an daki gefen kwamfutar kafin ta farka. Wata guda ke nan yana zaune a wani ɗan tebur kusa da taga, shi da kwamfutarsa da gorar ruwansa, ba abin da yake yi sai tambaya. Tambayar ce Lena ba ta so.

Kamfanin yana sayen gahawa daga duwatsun Gayo, a busar, a tsince, a ɗura a buhu, a kai tashar ruwa ta Belawan a loda a jirgi. Masdalena Rangkuti, wadda kowa ke kira Lena, ita ce mai saye. Shekara goma sha bakwai tana hawa tudun nan tana sauka. Ta ci shinkafa a gidajen dillalan ƙauye, ta je bikin 'ya'yansu, ta je ta'aziyyar iyayensu. Mutum sittin da ɗaya take da su, kuma ta san in aka raba ta da su, ba ta da sauran amfani a ofishin nan. Bang Parlin Sinaga shi ne mai sayarwa, shi ya san mutanen Hamburg da na Kobe.

Toke ya kafa dokarsa tun kafin ya ɗauke su aiki. Mai saye ba ya sanin mutanen ƙetare, mai sayarwa ba ya sanin mutanen tudu. Duk wanda ya riƙe bakin igiya biyu, in ji shi, gobe ba ya bukatar Toke. Shi ya sa a tsohuwar kwamfuta babu sunan kowa sai laƙabi, irin su Mai Gemu da Gwauron Gada da Hajiya Ba Ragi. Kowace safiya Lena za ta leƙa ta ce wa Parlin, "Kana iya sayar da kwantena uku," magana ta ƙare.

"Bu Lena, manhajar ba ta san Mai Gemu ba," in ji Danang ran nan, yana murmushi. "Cikakken suna take so, da lambar waya, da ƙauye a kan taswira, da tan nawa ya yi alkawari, da ranar kawowa."

"Me za ta yi da lambar wayarsa? Gaishe shi za ta riƙa yi?"

"Masu saye na Turai ne suka ce sai sun san inda kowane buhu ya fito. Kuma in ba ta san abin da ke hanya ba, ta yaya za ta gaya wa Toke kada ya sayar da abin da ba shi da shi? Aikinta ke nan. In akwai kaya ta nuna kore, in an zarce ta nuna ja."

"Shekara sha bakwai ni ke gaya masa."

"Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ke fa, Bu?"

"Ba na kwanciya."

Ya rantse mata cewa kowa ɓangarensa kaɗai zai gani, Toke ne kawai zai ga duka. Ya ce ai har ƙarshen wata gwaji ake yi, tsohon tsari bai mutu ba tukuna. Lena ta koma kan aikinta. Ita ba mai yawan magana ba ce a ofis, bakinta a tudu yake buɗewa. Da Toke ya sa baki, sai ta zauna ta shigar da mutum ashirin, tana jin kamar tana kwance wa kanta zani a kasuwa.

A shagon abinci na ƙasan bene Parlin ya tarar da ita, ya jawo kujera ba tare da an gayyace shi ba, ya ɗauke mata rabin soyayyen kifinta kamar yadda ya saba.

"Ƙanwata, yaya saurayin naki na bakin taga? Na ga kullum kuna ƙus-ƙus."

"Bang, ka ji tsoron Allah. Na girme shi da shekara goma."

"Ai su 'yan Jakarta ba sa duba wannan." Ya cire ƙaya daga bakinsa, ya rage murya. "Kin san inda ya yi aiki kafin ya zo nan? Babban kamfanin can na bakin tashar ruwa. Su ma shi ya sa musu manhaja. Yau yana wannan gida, gobe yana wancan, kamar kyanwar kasuwa. Ni dai ban ce komai ba."

"To ka ce mana."

"Na ce ban ce ba. Miƙo min barkonon nan."

Kwana takwas da shigar da sunayen, Aman Rizal ya kira ta daga Takengon, can duwatsun Gayo. Shi ne Mai Gemu, dillalinta na farko, wanda ba ya kiran mutum sai da dalili.

"Kak Lena, ke kika ba wani lambata?"

"Wane wani?"

"Wani ya kira ni jiya, bai faɗi sunansa ba. Ya ce ya san na yi miki alkawarin tan goma sha biyu ranar biyar ga wata. Ya ce zai ɗora rupiya dubu biyu a kan kowane kilo. Ko matata ba ta san tan nawa ne ba, Kak."

Lena ta kashe wayar. Ta juya ta dubi bakin taga. Danang yana can yana danne-danne, ya ɗago ya yi mata murmushin nan nasa. Kafin mako ya ƙare mutum uku suka sake kira da irin wannan labari, kuma duka ukun suna cikin ashirin ɗin da ta shigar. Babu ko ɗaya daga cikin waɗanda ta rage.

Ta yi tunanin zuwa wurin Toke. Amma me za ta ce? Toke ya kashe kuɗi a kan wannan manhaja, yana nuna ta ga duk baƙon da ya shigo kamar sabuwar mota. Zai ce ai ita dama ba ta son abin. Zato ba hujja ba ne. Tarko ta ga ya kamata ta kafa.

Ranar Lahadi ta tafi rumfar Etek Rohana, ƙanwar mahaifiyarta, mai sayar da lontong, wato curin shinkafar da ake dafawa a ganye, da miyar kwakwa a bakin kasuwa. Etek tana da waya biyu, ɗaya ta 'yan uwa, ɗaya ta masu cewa a aiko musu da abinci.

"Etek, daga gobe kina da miji. Sunansa Haji Burhan."

"A'uzubillahi! Da tsufana? Yana da haƙora kuwa?"

"Yana da gahawa tan talatin da takwas, mai daraja ta ɗaya. In wani ya kira wayar nan yana neman sa, ki ce ya tafi gona. Ki karɓi lambar mutumin, ki kira ni."

"Tan talatin da takwas, ni kuma ina nan ina goge kwakwa? Ki ce masa ya sake ni." Etek ta zuba mata miya, ta tsaya tana kallon ta. "'Yar nan, wannan abin ba zai ci ki ba?"

"Gwaji ake yi, Etek. Ba wanda ke aiki da shi tukuna."

Da safiyar Litinin ta shigar da Haji Burhan. Manhajar ba ta karɓar suna babu kaya, don haka ta rubuta masa kwantena biyu cif, ta yadda ɓarawo ba zai iya kau da kai ba. Da aka nemi ƙauye a taswira, ta dangwala yatsa a wajen Takengon ta wuce. Ba ta gaya wa kowa ba, har Parlin, duk da sau biyu bakinta ya yi ƙaiƙayi.

Talata shiru. Laraba da hantsi Toke Aciang ya fito daga ofishinsa yana riƙe da wayarsa sama, fuskarsa kamar gonar auduga.

"Ku zo ku ga zamani! Tsohon abokina na Kobe ya kira ni yanzu, wai yana neman kwantena biyu, jirgin ashirin ga watan gobe. Da sai in ce ya jira in tambayi Lena, Lena ta tambayi aljanunta. Yau kuwa? Na duba nan, na ga kore, tan talatin da takwas babu mai shi. Na ce masa ɗauki!" Ya juya ya nuna ta da wayar. "Ashe kina ɓoye mana wani Haji, Lena. Madalla da ke."

Parlin ya tafa. Danang ya sunkuyar da kai yana jin daɗi, don jiya da yamma Toke ya matsa masa sai da ya sa masa manhajar a waya. Lena ta ƙura wa wayar ido. Duk Medan an san Toke Aciang bai taɓa cewa "ɗauki" ya dawo ya ce "ajiye" ba. Ramin da ta haƙa wa ɓarawo, maigida ne ya fara faɗawa.

Ta koma kujerarta ta nemi goge Haji Burhan. Manhajar ta ce an riga an ƙulla ciniki a kansa.

Bayan azahar Danang ya zo ya tsaya a gefen teburinta da kwamfutarsa a hannu, ya waiga ya ga Parlin ya fita shan taba.

"Bu Lena, wannan Hajin naki kifi ne?"

"Ban gane ba."

Ya juyo mata da allon. Ɗigon da ta dangwala yana zaune a tsakiyar tafkin Takengon, ruwa gaba ruwa baya.

"Kuma na kira lambar don in gyara taswirar. Wata tsohuwa ta ɗauka ta ce Haji ya tafi gona, sannan ta tambaye ni da ƙwai ko babu ƙwai." Bai yi dariya ba. "Babu shi, ko?"

Ga shi da bakinsa ya ce ya kira. To ɓarawo ne da ya gane tarko ya zo ya wanke kansa, ko kuwa gaskiya yake faɗa? Ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta saba yi wa kowa ba.

"Mutane huɗu aka kira min, Mas. Duka daga cikin waɗanda na ba ka. Shekara sha bakwai ba a taɓa yi ba sai da ka zo."

Murmushin ya bar fuskarsa. "Ni kike zargi."

"Wa zan zarga? Ba kai ka yi wa mutanen bakin tasha aiki ba?"

"Na yi wa kamfani tara aiki, Bu. Da ina kwasar na wannan ina kai wa wancan, da tuni ina kurkuku." Ya rufe kwamfutar a hankali. "Manhajar tana rubuta duk wanda ya buɗe shafi, da lokacin, da kwamfutar da aka buɗe. Ba ni da izinin nuna miki, Toke kaɗai zan nuna wa. Amma haka take rubuta wanda ya shigar da suna. Ranar Juma'a zan ba shi rahoton mako, kuma ba zan iya ba shi kore a kan ruwan tafki ba. Gara ya ji daga bakinki."

Ya tafi ya bar ta tana juya maganar. Ko barazana ce? Ko so yake ta tona kanta a kore ta, shi ya ci gaba da kwasa hankali kwance? Ranar nan duk wanda ya gifta ta gabanta sai ta bi shi da kallo, har matar da ke kawo shayi.

Alhamis da misalin ƙarfe goma wayarta ta yi ƙara. Ta fita baranda.

"'Yar nan, mijina ya yi baƙo," in ji Etek, ga ƙarar kwanuka a bayanta. "Ba mai ladabin nan na jiya ba, wancan har 'yi haƙuri, Bu' ya ce min. Wannan wani ne mai murya kamar an ja ganga a ƙasa. Ya ce in gaya wa Haji kada ya kai wa Toke Aciang ko buhu ɗaya, shi zai ɗora dubu uku. Wai sabon kamfani ne, suna da masu saye a hannu. Na ce to dubu ukun ta Haji ce ko ta uwargida? Ya ce in daina wasa."

"Lambar, Etek."

Ta rubuta ta a tafin hannu. Ba lambar da ta sani ba ce. Ta tsaya a bakin ƙofar ofis, inda take ganin kowa ta gilashi. Danang yana bakin taga, wayarsa a kan tebur kusa da gorar ruwa. Shi ta kafa wa ido, ta danna lambar.

Wayar Danang ba ta motsa ba. Sai ta ji wani ɗan gurnani daga ɗaya gefen, irin na waya a cikin aljihun tebur. Parlin, da ke magana da Kobe a wayar ofis, ya sa gwiwa ya danne aljihun bai ko duba ba. Ta katse, gurnanin ya tsaya. Ta sake kira, ya sake tashi. Wannan karon ya jawo aljihun kaɗan ya leƙa. Lambarta ce a kai, kuma ya san ta kamar yunwar cikinsa. Ya ɗago, suka haɗa ido ta gilashin.

Da ɗan gari akan ci gari. Shekara goma sha ɗaya yana cin kifinta.

Ba ta ba kanta damar yin tunani ba, don ta san in ta zauna ba za ta tashi ba. Ta wuce kai tsaye ofishin Toke, ta rufe ƙofa.

"Toke, babu Haji Burhan. Ni na ƙirƙire shi."

Ta faɗa masa duka tana kallon ƙasa. Tsohon bai katse ta ba. Da ta gama ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya kira Danang ya ce ya buɗe masa rubutun masu shiga.

Da sunan Toke aka buɗe shafin dillalai, sau goma sha huɗu. Duka daga kwamfutar Parlin.

Toke ya dubi gilashin da ke shimfiɗe a kan teburinsa. A ƙarƙashinsa, tsakanin hoton jikoki da katin likitan haƙori, ga wata 'yar takarda da ya rubuta kalmar sirrinsa da manyan baƙaƙe don kada ya manta.

Ba a yi hayaniya ba. Kafin azahar Parlin ya tattara kayansa a kwalin taliya. Da zai wuce ta gaban Lena sai ya tsaya.

"Ƙanwata, ashe kina da wayo haka? Ki gaishe min da matar Haji." Ya gyara riƙon kwalin. "Ashirin ɗin dai suna hannuna. Kuma su ma suna son dubu biyun."

Toke ya kira ta ofishinsa. Danang yana tsaye a gefe. Lena ta ɗan sunkuyar masa da kai, alamar neman afuwa. Shi ma ya sunkuyar.

"Kin kama min ɓarawo," in ji Toke. "Kin kuma sa na yi ƙarya, abin da ban taɓa yi ba shekara arba'in. Me ya hana ki zuwa ki gaya min tun farko?"

"Na ɗauka ba za ka yarda ba."

"Da ban yarda ba," ya amsa, bayan ya ɗan yi tunani. "Amma wannan bai wanke ki ba. Daga yau duk abin da kika shigar, sai wani ya duba kafin ya zama kore. Mas Danang ya ce manhajar tana iya haka. Ni ma an hana ni takarda a ƙarƙashin gilashi." Ya buga yatsa a tebur. "Jirgi ashirin ga watan gobe. Ba zan kira Kobe in ce na fasa ba. Ke kika haifi Haji Burhan, ke za ki nemo gahawarsa. In kin kawo, kujerarki tana nan. In ba ki kawo ba, kada ki sa in faɗa."

Washegari da safe ta shiga motar Takengon, ta samu kujerar bakin taga. Suna fita daga gari ta fara kiran dillalanta. Na farko bai ɗauka ba. Na biyu ya ɗauka ya yi ta gaisuwa, ya tambayi lafiyar gida har sau uku, kuma daga yawan gaisuwar ta gane ya riga ya tafi. Hajiya Ba Ragi ta ce ita ba ta san wani sabon kamfani ba, amma ta faɗi haka tun kafin Lena ta ambaci kamfani.

Sai da mota ta fara hawan tudu sannan ta kira Aman Rizal.

"Mutumin nan ya sake kira na jiya da yamma," in ji shi. "Wannan karon ya faɗi sunansa. Ya ce an kusa korar ki."

"Me ka ce masa?"

"Na ce zan yi shawara."

Lena ta dubi kwarin da ke ƙasan hanya.

"Kak, dubu biyu ba wasa ba ce, ina da manoma a bayana. Amma sha biyun da na yi miki alkawari naki ne, ba a taɓa su. Akwai kuma shida a wurin ƙanina da ban yi wa kowa magana a kansu ba. Ki iso mu zauna. Kin ci abinci?"

"Ban ci ba."

"To kada ki ci a hanya, an yanka kaza."

Ta kashe wayar. Sha biyun dama an riga an sayar da su. Shida ke nan, in Allah ya sa ƙanin bai riga ya ji ƙamshin dubu biyun ba. Saura talatin da biyu, da mutum hamsin da bakwai da ba ta kira ba tukuna. Ta nemo lambar Gwauron Gada ta danna.